Zanen Ƙafar Aliya

Zongo, Kumasi
Litinin, 24 ga Yuli

Aliya,

"Wa ya zana wannan ƙafar? Ita da kanta, ko wani ta sa?"

Da wannan Kawu Basiru ya tare ni yau da hantsi, tun ban gama gaishe shi ba, don haka ke ma ki yi haƙuri gaisuwarki ta zo a baya. Ina fatan kina lafiya, ya aiki, ya ruwan Accra. Mma lafiya lau, sai gwiwar nan tata da ke riga rediyo sanar da mu hadari. Ta tambaye ni ko kina shan maganin sukarinki. Na ce kina sha. Ki taimake ni kada in zama maƙaryaciya.

A takarda nake rubuto miki in bai wa Mutala direba, saboda kin san wayata ba tawa ba ce. Duk saƙon murya da ya shigo, Mma ce ke fara kunna shi a tsakar gida, da ƙarfi, har 'yan haya su sa baki. Ita kuwa har yau aikin otal kawai ta san kina yi. Ba ta san da rawa ba.

Na kai wa Kawu saƙonki yadda kika ce: baƙin takalmi mai igiya, fata mai taushi, ƙasa mai tauri, ƙarfe a gaba da dunduniya. Ƙarfen bai dame shi ba. Ya ce tun ba a haife mu ba ya buga wa 'yan rawar otal irinsa, kuma mutum ba ya zaune a Akwatialine, unguwar masu gwangwan, ya ce ya rasa ƙarfe. Bai ko tambayi abin da 'yar Mma Barakatu za ta yi da takalmi mai ƙara ba. Na shirya masa ƙarya mai kyau tun a trotro, motar haya, ta lalace a bakina ba a nema ba.

Zanen ne ya tsayar da shi. Kin san wayar nan da ke rataye bayan kekensa, inda yake soke zanen ƙafar duk wanda ya taɓa yi wa takalmi. Ya zaro naki na Sallar bara waccan, ya ɗora sabon a kai, ya ɗaga su wajen haske. Ta dama ta hau ta dama kamar an buga hatimi. Ta hagu ta fi tsohuwar faɗi da kusan yatsa guda.

"Dubi nan," in ji shi. "A ta dama fensir ya bi yatsu, ya shiga ya fita, ga su nan biyar. A ta hagu fa? Ya zagaye kawai kamar doya. Allah bai halicci ƙafa haka ba. Naɗe ta aka yi da tsumma kafin a zana."

Na ce wataƙila safa ce. Ya dube ni ta saman tabarau.

"Safa a ƙafa ɗaya? Ke da kika yi jami'a?"

Shekara huɗu na yi ina karatun taswira, yanzu ina koya wa 'ya'yan mutane ita a Atonsu, ga shi an shimfiɗa mini taswirar ƙafar ƙanwata na kasa ganin komai. Akwai kuma wani ɗan tabo rawaya a gefen ƙaramin yatsa. Ni na ɗauka miya ce. Kawu dai ya kai takardar hancinsa, ya ajiye ta a hankali.

Ba sai na tuna miki da Baba ba, ke kika riƙa wanke masa. Zan dai tuna miki cewa sukarin da ya ci ƙafarsa shi ne a jininki, kuma nasa ma da ɗan ƙurji ya fara. Me ke ƙarƙashin tsumman? Ki amsa wannan kafin ki ba ni labarin makaɗa.

Yayarki,
Zulfa


Nima, Accra
Alhamis, 3 ga Agusta

Yaya Zulfa,

Assalamu alaikum. Lafiyata ƙalau. Ki gaida Mma, ki ce ta daina shafa man zafi ta je a duba gwiwar nan. Ina shan magani. Yawancin lokaci.

Wallahi ke da Kawu kun isa. Na aiko a yi mini takalmi, kun zauna kuna duba takarda kamar masu bugun ƙasa. E, akwai bandeji. Ɗan ƙurji ne a gefen ƙaramin yatsa. Takalmin da nake rawa da shi na aro ne, na Nasiba ƙawata, ƙafarta ba ta kai tawa ba, shi ya goge ni. Shi ya sa ma nake son nawa. Kin ga Kawu ne maganin abin.

Yanzu ki bar ni in ba ki labarin makaɗan da kika ce ba kya so.

Ranar Asabar ashirin da shida ga wannan watan za mu yi wasa a gaban jama'a, kuma ba da sipika ba. Mutum goma sha bakwai, Yaya! Masu busa ƙahonin tagulla layi uku, mai fiyano, mai ganga, da wani mai wata ƙatuwar garaya da ake tsayar da ita a ƙasa, ta kusa fin shi tsawo. Kiɗan jaz suke yi. Shugabansu wani tsoho ne, Mista Kwei, ba ya murmushi sai an yi kuskure. Shekara biyu ina koyon rawar nan da kiɗan waya, na ɗauka na san kiɗa. Ranar da suka fara busawa a bayana, a haƙarƙarina na ji shi, har na manta ƙafar da zan fara ɗagawa.

Da farko 'yan rawar da ake kira suwin ne ke fitowa bibbiyu, ana juya juna ana saki ana cafewa. Nasiba tana cikinsu, kamar ba ta da ƙashi. Sai a tsakiyar waƙa Mista Kwei ya sauke hannu, duk su yi tsit, a bar ni da mai ganga. Ya buga, in amsa masa da ƙarfen ƙafata. Ya ƙara, in ƙara. Kamar Mma da mai tumatir a bakin kasuwa, ba wanda ke son ya zama shi ya yi shiru. Kiɗan waya ba ya jiran kowa, amma waɗannan in na ja, su ja, in na yi sauri, su biyo ni. Ki yi tunani: maza goma sha shida riƙe da numfashi saboda ƙafar 'yar Zongo. Mu shida muka gwada, ni ya zaɓa. Ya ce ina jin kiɗa kafin ya iso.

A otal ni ce "yarinyar tebur". A gida ni ce mai sukari, kowa na leƙa kwanona. A kan katakon nan ne kaɗai ba a tausaya mini.

Ki kwantar da hankalinki. Makon farko ƙurjin ya yi mini zafi har ina ɗingishi. Yanzu ko kaɗan ba na jin sa. Jiya na yi awa biyu a kan katako, sai da na cire takalmi na tuna da shi. In ba warkewa ba ce wannan, mece ce?

Ki ce wa Kawu ya yi sauri, sabon takalmi yana son a saba da shi. Ki sako mini dawadawa, ta nan ba ta da ƙamshi.

Taki,
Aliya


Zongo, Kumasi
Asabar, 5 ga Agusta

Aliya,

Wa alaikumus salam. Mma ta amsa gaisuwa, ta ce likitan gwiwarta Allah ne. Ga dawadawa nan a ledar.

Labarin makaɗanki ya yi daɗi, na karanta shi sau biyu. Layin ƙasa kuwa, na zancen ƙurji, na karanta shi ya fi sau goma.

Kin ce ya daina zafi. Kina da shekara goma sha huɗu lokacin Baba, an bar ki da ruwan ɗumi da gishiri, ba a shiga da ke wurin likita ba. Ni aka shiga da ni, don ni ke jin Turanci. Wata Juma'a Baba ya ce, "Alhamdu lillahi, ya daina ciwo," ya sa takalmi ya taka har masallaci, muka yi ta murna, Mma ta dafa wake da shinkafa ta raba. Bayan sati uku muka hau motar asibitin Bantama da shi. Likitan ya ce mini sukari yana kashe jijiyar da ke kai wa mutum labarin ciwo. Ciwon yana nan yana aikinsa, ɗan saƙon ne ya mutu a hanya. Ni na fassara wa Mma abin da za a yi masa. Har yau in na ji kalmar da na yi amfani da ita sai in canza hanya.

Don haka a'a, ba warkewa ba ce.

Kawu ya yanka fatar. Ya samo ƙarafa kusan goma wajen masu gwangwan, yana sakin su ɗaya ɗaya a kan siminti yana saurare, kamar mai zaɓen kankana. Huɗu ya ɗauka. Ta dama ta kusa gamuwa. Ta hagu ya ce ba zai ɗinka ba sai an aiko sabon zane: ba tsumma, kina tsaye, kuma wani ya zana, ba ke ba. Ya ce mai ƙafa ba ya zana ƙafarsa da gaskiya.

Wannan sharaɗinsa ne. Ga nawa. Ki je asibiti na gaske, ba kemis ba, a buɗe a duba, ki aiko mini da katin tare da zanen. Ranar da katin ya iso, ranar takalmin zai hau motar Mutala. Ba kati, ba takalmi.

Na san za ki ce na mayar da ke ɗalibata. Ɗalibaina ba sa ba ni tsoro haka.

Zulfa


Zongo, Kumasi
Talata, 15 ga Agusta

Aliya,

Gaisuwa. Muna lafiya, in lafiya ce mutum ya riƙa zuwa tasha kullum kamar mai neman aikin lodi.

Kwana goma. Mutala ya rantse hannu da hannu ya ba ki wasiƙata, ya ce kin karɓi dawadawar kin yi godiya. Na tambaye shi yadda kike tafiya. Ya ce shi direba ne, taya yake kallo. Na kira ki daga wayar wata malama a makaranta sau huɗu, ba ki ɗauka ba. Na kira otal, suka ce kina bakin aiki, a tsaye.

Mma ta fara lura. Jiya ta ce me ya sa nake kallon ƙafafun mutane a trotro.

In fushi kike yi, ki rubuto ki zage ni. Zagi ma labari ne.

Zulfa


Nima, Accra
Asabar, 19 ga Agusta

Yaya,

Ina lafiya. Ki gaida Mma.

Kin ce in zage ki, ba zan zage ki ba, zan dai faɗa miki abin da dabararki ta yi. Kin riƙe takalmina don in daina rawa. Ban daina ba. Sati biyun nan duk da na Nasiba na yi, kullum, wanda na ce miki shi ke goge ni. Da kin aiko nawa tun ranar, da yanzu ƙafata tana cikin abin da aka yi don ita. Ke da Kawu kuna can kuna kare ni, ni ina nan ina cusa ƙafa da cokali.

Kin ɗauka ban san me asibiti za su ce ba? Za su ce ki kwanta, ki ɗaga ƙafa, sati shida. Sati shida daga yau an gama wasa, an share zauren, Mista Kwei ya manta sunana. Ba kowace shekara ake tara mutum goma sha bakwai ba. Rabinsu a coci suke busa, wasu a wurin jana'iza, sai da aka yi wata takwas ana lallashinsu. Ki ba ni kwana bakwai. Ranar Lahadi da sassafe ni da kaina zan je asibiti, su yi duk abin da suke so.

Na je kemis, ya ba ni shuɗin maganin nan na shafawa da ƙwayoyi. Ya ce ba wani abu ba ne. Ina wankewa safe da yamma, na fi kowa iya wanke ƙafa a gidanmu, ke ma kin faɗa.

Kullum ke ce mai fassara, Yaya. Likita ya faɗa, ki fassara. Kawu ya faɗa, ki fassara. Ni ma na faɗi abu ɗaya a rayuwata, ki fassara shi yadda na faɗe shi: ina son in yi rawar nan.

Ga zanen. Nasiba ce ta zana, ina tsaye, ba tsumma. Ta yi ta surutu, na ce ta yi shiru ta yi aikinta. Kati babu. In Kawu zai ɗinka, ya ɗinka. In ba zai ɗinka ba, ku faɗa mini in san matsayina, takalmin Nasiba bai gudu ba.

Aliya


Zongo, Kumasi
Talata, 22 ga Agusta

Aliya,

Mma na gaishe ki. Kawu ma.

Kin yi gaskiya. Na zauna na ƙulla sharaɗi mai kyau kamar tambayar jarrabawa, na manta wadda zan ba ita ba ta taɓa barin a ci ta da yunwa ba. Sati biyun nan a wuyana suke.

Na kai zanen jiya. Kawu bai ɗaga shi wajen haske ba, ba a bukata. Yatsu huɗu sun fito. A wurin na biyar fensirin Nasiba ya yi nesa da fata, ya zagaya kamar mai tsoron taka wani abu, ya dawo. Kumburin ya haura har inda igiya ke ɗaurewa.

Kawu ya ajiye takardar. Sai ya ce in zauna, ya kashe rediyo.

"Kin san wa ya yi wa babanku takalmin Sallar da ƙurjinsa ya fara?"

Na ce ban sani ba.

"Ni ne. Ya dawo washegari ya ce maɗaurin yana cin sa a yatsa. Ina da aiki a gabana, layi har waje. Na ce masa fata ce, Mahama, za ta saki." Ya shafa kan keken. "Ta saki kuwa. Bayan wata biyu ta saki."

Shekara goma sha uku yana zuwa gidanmu da goro duk Juma'a, ban taɓa tambayar kaina dalili ba.

Na ɗauka zai ce ba zai ɗinka ba. Sai ya jawo fatar ya ce wadda za ta yi rawa za ta yi, gara ta yi a cikin nasa. Ya buɗa ta hagu, ya shimfiɗa mata fatar akuya a ciki, ya juya ɗinkin waje don kada zare ya taɓa wurin. Bai ci abincin rana ba. Yau da la'asar ya buga ƙarafan, ya sa hannu a ciki ya ƙwanƙwasa su a kan benci, har mai sayar da koko ta leƙo.

Takalmanki sun gamu, ba kati. Za su iso ranar Alhamis.

Zulfa


Nima, Accra
Juma'a, 25 ga Agusta

Kawu,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa da fatan ka tashi lafiya. Na rubuta da manyan haruffa saboda idonka. Na sauka lafiya, ina ɗakin Aliya. Ka ce kada in bai wa direba takalman, in kai da hannuna, in ga ƙafar da idona, in rubuto maka gaskiya. Ga ta.

Jiya da azahar na same su a wani zaure mai daɓen katako, suna gwaji. Ban shiga ba, na tsaya a bakin ƙofa da ledata. Ka san ni, Kawu, na zo ne da shirin raina abin. Sai masu busa suka miƙe gaba ɗaya, tagulla tana ƙyalli, ƙarar ta daki bango ta dawo, na ji ledar tana rawa a hannuna. Samari da 'yan mata suna juya juna, ƙafafu ba sa zama a ƙasa. Can tsohon da ke shugabantarsu ya sauke hannu, aka yi tsit, Aliya ta fito.

Ban san haka take ba. Shekara ashirin da bakwai ina ƙirga mata cokalin sukari, ban san haka take ba. Mai ganga ya jefa mata, ta mayar masa da ƙari. Ya yi dariya ya sake jefawa da wuya, ta tsaya cak kamar ta rasa amsa, sai da kowa ya zaci ta ɓata, ta zubo masa ita gaba ɗaya kamar ruwan sama a kan kwano. Wani mai ƙaho ya cire hula.

Da aka huta ta gan ni. Ba ta gaishe ni ba, ledar ta gaisar. Ta zauna a lungu ta juya mini baya don ta canza takalmi, amma na riga na matso. Safar ta jiƙe har dunduniya. Kawu, warin ɗakin Baba ne. Shekara goma sha uku ban ji shi ba, hancina bai manta ba.

Ta sa naka. Sun zauna mata daidai, har ta hagu. Ta taka sau biyu, ta ɗago ta ce in gaya maka ƙarafan suna magana. Na bar ta ta yi waƙa ɗaya da su. Allah ya yafe mini minti ukun nan, na ga ya kamata a ji aikinka ko sau ɗaya ne.

Tana kan katako na je wurin tsohon, Mista Kwei. Ban roƙe ta ba, na san amsarta, tana rubuce a jakata. Na ce masa ni yayarta ce, tana da sukari, babanmu da ƙafa ɗaya aka binne shi.

"Ita ta aiko ki?" in ji shi.

Na ce in ta san abin da nake yi, da wannan ƙarfen za ta jefe ni.

Ya bar waƙar ta ƙare. Ya sallami kowa shan ruwa, ya kira ta gefe ya ce ta cire na hagu. Ta ce ba komai ba ne. Ya ce to cirewa ma ba komai ba ne. Ta cire. Ya duba bai daɗe ba, ya ce shekara hamsin yana kiɗa, ya yi wa mashaya, ya yi wa gawa, amma ba zai yi wa wannan ƙafar ba. Ta ce kwana biyu kawai. Ta durƙusa masa, Kawu, Aliya da ko Mma ba ta durƙusa wa sai da faɗa. Ya ce wa mai ganga ranar Asabar ya cike wurin shi kaɗai.

Ni da Nasiba muka sa ta a tasi. Ba ta yi kuka ba, takalman suna kan cinyarta.

An kwantar da ita. Likitar mace ce, ba ta da yawan zance. Ta ce ciwon ya shiga ciki sosai, an buɗe an wanke, ana ba ta magani ta jijiya. Ƙafar za ta tsaya, in sha Allahu. Ƙaramin yatsan ne ba ta yi alkawari ba, sai ranar Litinin za a sani. Na tambaye ta da an bari har Lahadi fa. Ta ce ba ta son irin wannan tambayar. Wannan karon ba wanda zan fassara wa, sai na riƙe abina.

Ka je wurin Mma da kanka, kada ta ji a waya. Ka fara da cewa ƙafar za ta tsaya. Zancen rawa ka bar mini, ni zan ɗauka.

Yau da safe na kai mata koko ba sukari da ƙosai. Tana kwance, ƙafar a kan matashi biyu, fuskarta a bango. Na ajiye, na gyara labule, na yi duk ƙananan abubuwan da mai laifi ke yi.

"Ke kika gaya masa," ta ce wa bangon.

Na ce ni ce.

"Ba Nasiba ba."

Na ce ba Nasiba ba.

"Kin ga rawar?"

Na ce na gani.

"Kin gani, kuma kika je."

Na ce na gani, shi ya sa na yi sauri. Ban san ko ta fahimce ni ba, ban kuma ƙara bayani ba, bayanina ya isa haka a wannan watan.

"Gobe war haka suna ɗaura kayan kiɗa," in ji ta. Sai ta ja zane har kunne. "Ki tafi, Yaya. Ki rufe mini ƙofa."

Zan koma gobe, da jibi, har Litinin, ko za ta yi ta yi wa bango magana. Na nemi izini a makaranta.

Ƙofar ɗakin irin mai rufe kanta ce, a hankali take tafiya, ba ta barin a buga ta. Na fita na tsaya a baranda ina jin tana tahowa. Ta ba Aliya lokaci mai yawa ta kira ni, ta kuma ba ni lokacin da zan koma in ce na yi nadama. Ba wadda ta yi amfani da shi. Da ta rufe, na sauka na nemi trotron Nima.

'Yarka,
Zulfa